Salansar motar tsere: murya ake saya ko ƙarfi?

Ƙanena ya sayi Ford Mustang GT ƙirar 2016 a gwanjon motocin da suka yi hatsari a Amurka. Ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema da goshi a lotse, aka ɗoro ta a bayan babbar mota zuwa Kumasi, ta yi wata uku a Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota, tana shan guduma da fenti. Ranar da ta fito ya kawo ta ƙofar gida a Aboabo, yara suka yanyame ta. Ya tayar da ita, ya taka sau biyu, sai na ga fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Yaya, ba ka ji ba? Ba ta magana."

Injin mai silinda 8, lita 5, ƙarfin doki 435, amma shi abin da ya tsaya masa a rai shi ne pragya ma, wato keke mai taya uku, ta fi ta tsawa a layi. Bai yi shawara da kowa ba. Bayan kwana huɗu ya kai ta wata rumfar walda, aka datse duk abin da ke ƙarƙashinta daga tsakiya zuwa baya, aka zura mata bututu biyu masu faɗin inci 3, babu tukunya ko ɗaya. Ta yi magana kuwa, har da surutu. Wannan aikin na yini guda shi ya ja mana wata biyu muna safa da marwa tsakanin Aboabo da Magazin, kuma a nan na fahimci cewa yawancin masu neman sauya salansa ba su san me suke saya ba. Suna cewa ƙarfi suke nema, alhali murya ce a ransu. Ba laifi ba ne mutum ya so murya. Laifin shi ne ya biya kuɗin murya yana zaton doki ya ƙara, ko ya lalata abin da ke da amfani don neman abin da ba a wurin yake ba.

Abin da muke kira salansa a dunƙule ba abu ɗaya ba ne, jerin gwano ne. Daga jikin injin akwai manifol, inda hayaƙin kowace silinda ke fitowa ya haɗu da na 'yan'uwansa. In mota mai turbo ce, hayaƙin zai fara juya turbo, wato fankar da ke cusa wa injin iska, sannan ya gangara ta wani gajeren bututu da ake ce wa danfaif. Daga nan sai katalis, wanda ke tace guba. Sai rezoneta a tsakiya, wadda a irin wannan Mustang ɗin babba ce kamar akwatin tafiya. Sai tukwanen baya masu shanye ƙara, sai kuma bakin bututu mai ƙyalli da ake gani a ƙarƙashin bamba. Masu sayarwa sun raba kayansu gwargwadon inda za a fara cirewa. Aksilbak shi ne a sauya tukwanen baya da bakin kawai. Katbak shi ne duk abin da ke bayan katalis. Wanda ya wuce nan ya taɓa katalis, danfaif ko manifol, to ya bar harkar murya ya shiga harkar injin, kuma dokokin wasan sun canza.

Fitan da muka koma wurinsa daga baya, dattijo ne da ya fara koyon aiki a Magazin tun ana gyaran Bedford, shi ya fara yi wa ƙanena tambayar da ta kamata a yi tun farko. Ya ce, "Ɗana, ina ne motar ta shaƙe?" Ƙanena ya yi shiru. Ai ba ta shaƙe ba. Kamfanin da ya ƙera mota mai doki 435 bai bar mata bututun da zai kashe rabin ƙarfinta ba. Abin da ya yi shi ne ya danne muryar don ta wuce dokokin ƙara na ƙasashen da zai sayar. Shi ya sa katbak a injin da ba shi da turbo ba ya ƙara wani abin a zo a gani. Mu ɗauka mai talla ya ce doki 10 za a samu, kuma gaskiya ya faɗa. Doki 10 a kan 435 bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Cika tanki da ɗaukar abokai biyu a baya sun cinye wannan da ƙari. Abin da direba ke ji ya ce "wallahi ta ƙara ja" kunnensa ne ke ba shi labari, ba taya ba.

Akwai wata magana da ta zaga Magazin har ta zama kamar karatun allo: wai injin yana buƙatar hayaƙi ya ɗan tokare shi, in an buɗe bututu da yawa sai ƙarfi ya zube. Rabin maganar gaskiya ne, amma dalilin da ake bayarwa ba shi ba ne. Babu injin da ke son tokara. Duk ƙarfin da fistan ya ɓata wajen tura hayaƙi waje, ƙarfi ne da bai kai taya ba. Abin da injin ke so shi ne gudun hayaƙi. Hayaƙi ba kwarara yake yi kamar ruwan famfo ba, fitowa yake yi dunƙule-dunƙule, kowace silinda ta harba nata. Kowane dunƙule in ya wuce da gudu yana barin wani ɗan gurbi mai zuƙa a bayansa, wannan zuƙar ita ke janyo ragowar hayaƙin silindar da ke biye, ta share mata ciki don sabon mai da iska su samu wuri. In bututu ya yi faɗi fiye da kima, dunƙulen sai ya baje, ya huce, ya rage gudu, zuƙar ta mutu. Duk wanda ya taɓa toshe rabin bakin tiyo da yatsa yana wanke mota ya san yadda ƙunci ke ƙara wa ruwa gudu. Bambancin kawai, a nan ana neman daidai wa daida: kada ya ƙuntata har ya tokare lokacin da injin ke ihu a sama, kada ya yi faɗi har ya yi sanyi lokacin da ake tafiyar cikin gari.

Kuma mutane suna raina lissafin inci. Suna ganin daga inci 2.25 da motar ta zo da shi zuwa inci 3 ai ɗan ƙari ne. Ba faɗin ake dubawa ba, filin ramin ake dubawa. Daga 2.25 zuwa 2.5 filin ya ƙaru da kusan kashi 23 cikin 100. Daga 2.25 zuwa 3 kuwa kusan kashi 78 ne, kuma bututu biyu ne ba ɗaya ba. Ga injin da ba a taɓa cikinsa ba, wanda rayuwarsa tsakanin Anloga Janshin da Kejetia take cikin cunkoso, inci 2.5 ya wadatar. Inci 3 na wanda ya ɗora wa injin abin hura iska ne, ko yake shirin ɗorawa.

Mota mai turbo labarinta daban, irin su BMW M4, Golf R, ko Mercedes C63 mai lita 4 da turbo. Turbo tana juyawa ne saboda bambancin matsi tsakanin gabanta da bayanta. Duk yadda aka sauƙaƙa wa hayaƙi fita bayan ya wuce ta, haka za ta tashi da wuri. A nan batun zuƙa ba shi da wani tasiri, domin turbo ta riga ta niƙe dunƙulen. Shi ya sa a irin waɗannan motoci danfaif ne wurin da ake samun ƙarfi na gaske, shi ma sai an sake wa ƙwaƙwalwar motar karatu, wato an sauya saitin kwamfutar injin, wadda 'yan Magazin ke ce wa kwanturol bod. To a nan ne tarkon da ya fi kama 'yan Gana yake, kuma ba a ƙarƙashin mota yake ba, a gidan mai yake.

Yawancin karatun da ake saya ta intanet a ɗura wa mota daga Amurka yake, kuma za ka ga an rubuta cewa na man 91 ne ko na 93, wato lambar da ke nuna yadda fetur ke jure matsi kafin ya kama wuta. Mutum ya duba famfon gidan mai a Kumasi ya ga 91, ya ce shi ke nan. Ba shi ba ne. Mu a nan da ma'aunin RON ake rubuta lambar, irin na Turai. Amurkawa kuwa matsakaicin ma'auni biyu suke rubutawa, lambarsu tana fitowa ƙasa da tamu da huɗu ko biyar. Wato 91 ɗinmu shi ne wajen 87 ɗinsu, 95 ɗinmu shi ne ya yi kusa da 91 ɗinsu, 93 ɗinsu kuwa sai wajen 98. Wanda ya ɗura karatun 93 ya sha man 91 na nan, cikin zafin watan Maris, yana gayyato wa fistan ɗinsa ƙwanƙwasa ne, irin wadda ƙarar sabuwar salansa ba za ta bari ya ji ba sai aikin gama ya gama.

Mu koma kan katalis, domin shi ne abin da aka fi zalunta. Mai waldar farko ya yi wa ƙanena tayi mai daɗin ji: ya bar masa katalis guda biyun, shi kuma ya yafe kuɗin aiki. Allah ya sa ya ce sai ya yi tunani. Mutum ba ya yafe kuɗin aikin yini guda don kyauta. A cikin wannan gwangwanin akwai wani dutse mai ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu daraja, filatinom, faladiyom da rodiyom, kuma akwai masu saye da ke bin rumfuna suna nema. Aikinsa shi ne ya juya guba iri uku, iskar kabon monoksayid, ragowar man da bai ƙone ba, da gubar naitirojin, zuwa abin da bai kai su illa ba. Dattijon nan ya janyo mana wani da aka ciro daga motar wani bawan Allah. A waje lafiya lau. Ya buga masa sifana, sai ya yi amo kamar garwar da babu ruwa. Ya juya shi, ga layin walda a ta sama, wurin da mai mota ba zai taɓa gani ba in ya leƙa. An tsaga, an kwashe, an ɗinke. Duk mai sayen mota 'yar gwanjo, kafin ya fara mafarkin sabuwar salansa, ya fara tabbatar da nasa yana nan.

In an cire shi me ke faruwa? Akwai sensa biyu a bututun kowane ɓangaren injin. Ta gaba ita ke gaya wa ƙwaƙwalwa yawan iskar da ta rage a hayaƙi, don a riƙe haɗin iska da fetur a wajen kashi 14.7 zuwa 1. Ta baya kuwa 'yar rahoto ce, aikinta ta duba ko katalis yana aiki. Ranar da ta ga hayaƙin baya ya zama iri ɗaya da na gaba, sai wutar cek injin ta kama, na'ura ta nuna P0420 ko P0430. Mutane su ce ai ba komai, haka motocin Gana suke. Matsalar ita ce wutar guda ɗaya ce. In ta zauna a kunne saboda katalis, ranar da koyil ya mutu ko wata matsala ta gaske ta taso, ba ta da wata hanyar gaya maka. Ga warin ɗanyen mai da ke bin tufafi, ga wanda ke bayanka a cunkoson Sofoline yana shaƙa, ga mai tallar ruwa da ke tsaye daidai bakin bututun. Wanda lallai yake son ya buɗe wannan wurin, akwai katalis na tsere mai ramuka 200 a kowane inci murabba'i, maimakon 400 ko fiye na kamfani. Ya fi sakin hayaƙi, yana kuma tacewa, sai dai mai arha a cikinsu ba ya hana wutar kamawa.

Yanzu ga murya, wadda ita ce asalin abin da ya kawo mu. Abu na farko: muryar ta injin ce, salansa tace ta kawai take yi. Ko wane gwani ne ya busa algaita ba za ta zama kakaki ba. Gurnanin nan mai tsalle-tsalle na Mustang, Camaro da Charger ya samo asali ne daga yadda aka ƙera ƙarfen da fistan ke juyawa, mai siffar gicciye, wanda ke sa silindojin kowane ɓangare su riƙa harbi ba a jere daidai ba. Ferrari mai silinda 8 da Shelby GT350 nasu shimfiɗaɗɗe ne, harbin yana zuwa daidai, shi ya sa suke kururuwa maimakon gurnani. Mai silinda 4 da ya sayi tukunya mai tsada yana jiran ta yi masa muryar V8, wato mai silinda 8, sai dai ya samu babur mai mura. Abin da za ka iya yi shi ne ka karkata muryar da kake da ita. A V8, in aka haɗa bututun biyu da ɗan guntu a tsakiya kamar harafin H, muryar takan yi kauri da zurfi irin ta da. In aka gicciya su kamar X, takan yi kaifi da santsi a sama.

Abu na biyu shi ne wanda babu bidiyon da zai nuna maka, kuma shi ya fi komai sa mutane da-na-sani: ƙugin cikin mota. Sati guda bayan aikin farko muka kama hanyar Accra, da mu 'yan Zango muke ce wa Ankara, tafiyar kilomita 250 ko kusa da haka. Daga Aboabo zuwa Ejisu ƙanena sai murmushi yake yi, yana sauke gilashi a ƙarƙashin kowace gada. Da muka wuce Konongo hanya ta miƙe, giya ta hau ta ƙarshe, allura ta zauna wajen juyi 1,800, sai wani abu ya cika motar. Ba ƙara ba ce irin ta waje. Wani "wuuu" ne mai nauyi da ba ya hawa ba ya sauka, kana jin sa a ƙirji da bayan ido, kwalbar ruwa tana rawa a mazauninta. Kafin Nkawkaw mun daina hira. Kafin Suhum ya ce, "Yaya, kana da maganin ciwon kai?"

Lissafin abin ba wuya. A injin mai silinda 8, kowane juyi ɗaya harbi huɗu ne. Juyi 1,800 a minti shi ne juyi 30 a daƙiƙa, sau huɗu, bugu 120 ke nan a kowace daƙiƙa. Irin wannan amo mai kauri ba ya jin gilashi ko kafet, ratsawa yake yi, kuma tsawon bututu da faɗin ɗakin motar sukan amsa masa kamar yadda cikin ganga ke amsa wa fata. Akwatin nan da mai walda ya datse ya jefar, babban aikinsa ke nan, kashe wannan amon. Kamfanonin da suka san aikinsu a nan suke kashe kuɗin bincike, kuma a nan bambancin salansar kirki da bututu mai ƙyalli yake. Wasu sukan manna wani reshe a jikin bututu, mai toshe a ƙarshe kamar sanda mai lanƙwasa. Amon ya shiga, ya bugi bango, ya dawo a daidai lokacin da zai ci karo da na bayansa su kashe juna. Don amo mai bugu 120, tsawon reshen yakan faɗa tsakanin santimita 70 da 95, gwargwadon zafin hayaƙi a wurin. Wannan kam ana iya yin sa a Magazin, in an samu mai haƙurin gwadawa yana ragewa.

Masu Charger da Challenger masu giyar otomatik, da Camaro SS irinta, su ƙara kula. Waɗannan injinan sukan kashe silinda huɗu in ana tafiya a hankali don tsimin mai. Da salansar kamfani ba ka ma sanin an yi. Da buɗaɗɗiya kuwa, motar da ke gurnani yanzu sai ka ji ta koma kamar injin niƙa.

An ce gani ya kori ji, amma a wannan harka ji ne ya kori gani. Lasifikar waya ba ta iya fitar da amo mai kauri, mai ɗaukar bidiyo kuma a bayan mota yake tsaye, ba a ciki ba. Kafin ka biya, nemi mai irin motarka da irin salansar da kake so, ka roƙe shi ya ɗauke ka, gilashi a rufe, rediyo a kashe, ku miƙa hanyar Ejisu ko ta Mampong minti ashirin a giyar ƙarshe.

Sai kuma maƙwabta. Mota ta fi ƙara a tashin farko da safe, domin ƙwaƙwalwa takan ɗaga juyin injin ta jinkirta wuta da gangan don katalis ya yi zafi da wuri, tunda ba ya fara aiki sai ya kai wajen digiri 250 zuwa 300. Wannan minti ɗayan, a layin da gidaje ke manne da juna kuma kowane rufi kwano ne, ya isa ya ta da unguwa. Ma'aunin hukumar kare muhalli, EPA, na unguwannin zama shi ne desibel 55 da rana, 48 da dare, kuma kowane ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar. Amma mu ba EPA ce ta zo mana ba. Mma ce, mahaifiyarmu, ta kira shi bayan sallar asuba ta ce, "Liman ya yi tuntuɓe a karatu saboda kai. Ko ka gyara ta, ko ka nema mata wurin kwana." Kamfanin Ford ma ya san da wannan matsala, shi ya sa daga ƙirar 2018 ya fito da salansa mai bawul wadda ake iya saita mata lokacin da za ta tashi a hankali. Bawul ɗin wani ɗan faifai ne a cikin bututu. In ya rufe, hayaƙi ya bi ta cikin tukunya, in ya buɗe, ya miƙe. Ga mazaunin Zango, ni a ganina wannan ba ƙawa ba ce, ita ce kaɗai hanyar da za a ci biyu. Wanda motarsa ta zo da bawul daga kamfani ya tabbatar sabuwar salansar tana karɓar injin bawul ɗin na asali, in ba haka ba maɓallin da ke gabansa ya zama ado.

Batun ƙarfe ba ya buƙatar dogon bayani. Baƙin ƙarfe mai rufin alminiyom shi ne mai arha, kuma daminar Kumasi biyu a shekara ba ta raga masa, balle iskar gishirin Accra da Tema. Sitenles iri biyu ne a kasuwa. Mai lamba 409 yana da kuromiyom wajen kashi 11 cikin 100, yakan yi ja a waje amma yana daɗewa. Mai lamba 304 yana da kashi 18 na kuromiyom da 8 na nikel, shi ne wanda ba ya tsatsa, sai dai ya koma ruwan zinariya saboda zafi. Tafi da maganaɗisu a aljihu: yana manne wa 409 gam, a jikin 304 kuwa da ƙyar yake kamawa, sai dai ɗan kaɗan a wurin lanƙwasa. Titaniyom, irin wanda Akrapovič na ƙasar Sulobeniya ya yi suna da shi, ya fi sitenles rashin nauyi da fiye da kashi 40 cikin 100, muryarsa kuma da kaifi. Amma ka tambayi kanka wa zai yi maka waldarsa ranar da ya tsage. Ba ya jin waldar kabayid ko ta sanda, sai ta iskar agon ciki da waje, kuma ba a haɗa shi da baƙin ƙarfe. Da tudun rage gudu da ke kowane ƙauye a hanyoyinmu, wasu kamar kabari, tsagewa ba ta da nisa ga mota mai ƙasa-ƙasa.

Duba lanƙwasa ma. Injin lanƙwasa na gama-gari yana matse bututu a kwana, inci 3 ya koma biyu da wani abu, ga tamoji kamar goshin tsoho. Na kirki ana zura masa wani ƙarfe a ciki lokacin lanƙwasawa don ramin ya zauna yadda yake. Bututun inci 2.5 mai kyakkyawar kwana ya fi na inci 3 mai matsattsiya. Wurin haɗi kuma kada a bar ko ƙofar allura. Yoyo a gaban sensa yana zuƙo iska, ƙwaƙwalwa ta zaci mai ya yi kaɗan ta riƙa ƙarawa. Yoyo a ƙarƙashin kujera kuwa ya fi haka muni, domin kabon monoksayid ba shi da wari ba shi da launi, ga mu kullum gilashi a rufe saboda sanyin esi.

Wanda zai yi oda daga waje, lambar jikin motarsa ce jagora, ba sunanta ba. Tun 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarinmu na hagu ne. Manifol ko danfaif da aka yi wa motar Ingila ko Japan yana iya cin karo da sandar sitiyari a tamu. Katbak bai cika samun wannan matsala ba, amma yana da tasa: motocin fetur da yawa da aka sayar a Turai daga wajen 2018 suna ɗauke da wata matatar toka a cikin bututu wadda takwarorinsu na Amurka ba su da ita, don haka BMW ɗaya, shekara ɗaya, tana iya samun salansa iri biyu da ba sa shiga wa juna. Mota mai rufin zane da mai rufin ƙarfe ma wani lokaci sukan bambanta. Sunaye irin su Borla da MagnaFlow na Amurka, Milltek na Ingila, Remus na Ostiriya da HKS na Japan duk sanannu ne, kuma saninsu ne ya sa ake buga tambarinsu a jikin bakin bututun da bai taɓa ganin ƙofar kamfanin ba. In farashin cikakkiyar salansa ya yi daidai da kuɗin taya biyu, tambari ka saya. A sa a lissafi kuma cewa kwalin dogo ne, jirgin sama da girman kwali yake caji ba nauyi kaɗai ba, kwastan kuma a kan kuɗin kaya haɗe da na dako suke yanka nasu.

Da muka gama zagaye, ƙanena ya ce a mayar masa da ta kamfani kafin ya tara kuɗi. Muka koma rumfar farko neman akwatin tsakiya da tukwanen. Yaron shagon ya ce ai tun washegari 'yan kondem, masu sayen tsohon ƙarfe, suka auna su a sikeli. Dole ya ajiye motar a wani gidan mai a bakin titi sati biyar, yana biyan mai gadi, yana hawa pragya zuwa gida, har kayan suka iso: katbak na 304, inci 2.5, haɗin H, da bawul mai rimot. Dattijon ya ɗaura ta cikin awa uku, bai ƙara maƙale kusoshi ba sai da ya daidaita bakin biyu da ido, ya sa yaronsa ya toshe su da tsumma na ɗan lokaci yana bin kowane haɗi da bayan hannu yana neman iska. Da ya gama ya miƙa masa rimot ɗin.

"Masta, doki nawa ta ƙara?"

Dattijon ya goge hannu a wando ya ce, "Je ka tambayi Mma gobe da safe ko ta ji fitarka."